Yadda za ka adana bayanan kufai ka buɗe su ga kowa ba tare da ka nuna wa masu haƙa hanya ba

Shekarun baya wani malamina ya miƙa mini kwali cike da tsingaro, ya ce in duba ko zan samu abin da zai taimake ni a aikin kammala karatu. Abin da aka sani kawai shi ne daga wani kufai na jihar Maraɗi aka kwaso su. Kowace leda da ƴar takarda a ciki, amma gara ta cinye rabi, saura kuma tawadar ta koɗe. Wanda ya tattaro su ya daɗe da barin aiki, littafinsa ya tafi tare da shi. Na yi mako biyu ina juya su a kan tabarma. Ga bakin randa mai kauri, ga gutsure mai adon igiya da aka mirgina a kan ɗanyen yumɓu, ga kashin maƙera dunƙule biyu. Amma daga wane gari, a saman ƙasa aka tsince su ko a cikin rami, tare suke ko dabam-dabam, babu mai gaya mini. Haka na mayar da kwalin, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Kufai ba ya tonuwa sau biyu. Idan ka ɗauke abu daga inda ya kwanta shekaru ɗari uku, ka raba shi da shaidarsa, abin da ya rage shi ne abin da ka rubuta. Mu kuwa a nan ƙasarmu cike take da irin waɗannan wurare. Katsinawan da suka bar birninsu bayan 1807 sun zo sun kafa Maraɗi, Gobirawa sun zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ga Birnin Lalle can wajen Dakoro da labarin Gobir ke ambata, ga shi kuma tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadamar Gulbi ambaliyar 1945 ta tayar da shi aka hau tudu. Kowace damina ruwa yana zaizaye wani gefe, garma tana juya wani, masu bulo suna kwashe wani. Mutum ɗaya ba zai iya bin su duka ba. Shi ya sa nake so ɗalibi ko malamin lakkwal ko ma'aikacin al'adu da ya rubuta wani abu ya rubuta shi yadda na baya zai ɗora a kai.

Fara da izini, kuma izinin kashi biyu ne

Dokar Nijar ta ranar 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan gado na al'adu ta ɗora tono a kan izinin hukuma. Saboda haka abin da nake koya maka a nan rubuta abin da ido ya gani ne a saman ƙasa. Kada ka sa magirbi, kada ka cika buhu ka kai gida. Kafin ka fita ka sanar da ofishin kula da al'adu na jiha, ka kuma tuntuɓi sashen binciken kayan tarihi na cibiyar IRSH da ke Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. In kai ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ka karɓi takarda daga malaminka.

Izini na biyu na mutanen gari ne, kuma zuwa da kai ya fi aike. Ka je wurin mai gari, ka gaisa, ka ce: "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu ga kufan da ke gabas da gari, mu ɗauki hoto mu rubuta. Ba za mu tona ba, ba za mu ɗauki komai ba." Daga nan ka faɗi abin da yawancinmu muke ɓoyewa saboda gudun dogon bayani: cewa rubutun zai shiga intanet, wanda ke Kano ko Faransa zai iya gani. Idan za ka naɗi muryar wani dattijo, ka yi masa tambaya uku dabam-dabam. "Baba, ka yarda in naɗa? Ka yarda wasu su ji? Ka yarda a ambaci sunanka?" Mutum yana iya amsa ta farko ya ƙi ta uku. Ka naɗi amsarsa a farkon faifan, da ranar da wurin.

Lamba da fom kafin ka hau babur

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana gida ka yanke yadda za ka sa wa wurare lamba, misali MRD-001, MRD-002, kuma kowane abu da ka gani a wuri na farko ya zama MRD-001-01, MRD-001-02. Lambar nan ita ce igiyar da ta ɗaure hoto da teburi da murya. Kada ka canza ta, kada ka ba wani wuri lambar da ka taɓa bayarwa ko da ka soke na farkon.

Sai fom. Manhajar KoboToolbox kyauta ce, kana tsara tambayoyinka a kwamfuta, ka sauke su a wayar Android ta KoboCollect, ka cike a daji ba tare da rezo ba, in ka dawo gari ka tura. Tambayoyin kada su yi yawa: lamba, rana, wanda ya rubuta, sunan da mutanen gari ke kiran wurin, irin wurin (kufai, ganuwa, wurin narka tama, marina, rijiya, maƙabarta), tsawo da faɗi da mita, abin da ake gani a ƙasa, abin da ke barazana gare shi, da wanda ya nuna maka. Duk inda zai yiwu ka sa zaɓi a maimakon rubutun hannu, don kada yau ka rubuta "tsingaro", gobe "fasasshen tukwane", jibi abokin aikinka ya rubuta da Faransanci. Kuma duk da waya, ka riƙe littafi da fensir. Fensir ba ya koɗewa kamar biro, caji kuma ba ya ƙare masa.

A wurin

Ka tsaya a tsakiyar kufan, ka bar wayar ta yi minti ɗaya ko biyu kafin ka karɓi lambobin GPS, ka rubuta har da adadin mitocin kuskure da ta nuna. Ka yi amfani da tsarin WGS84, digiri da ɗigo, gurbi biyar bayan ɗigon. In kana aiki da UTM, wato tsarin da ke ba da wuri da mita a maimakon digiri, jihar Maraɗi tana shiyya ta 32 ta arewa, kuma dole ka rubuta haka a fili, domin lambobi ba tare da sunan tsarinsu ba suna iya kai mutum wata ƙasa. In wurin babba ne ka zagaye gefensa da ƙafa waya tana bin sawunka.

Hoto uku aƙalla: na nesa mai nuna wurin gaba ɗaya, na tsakiya mai nuna yadda abubuwa ke warwatse, na kusa. A kowane na kusa ka ajiye ma'auni, ko da rula ce ta ƴan lakkwal, da ƴar takarda mai lambar abin, da alamar arewa. Adon da ke jikin tsingaro ya fi fitowa da hantsi ko da la'asar, lokacin da haske ke zuwa a karkace. Da tsakar rana sai ya shafe, ka dawo da hoton da ba ya nuna ko shatin tabarma ne ko na igiya. Ka ɗauki ciki da waje da kuma kaurin gefen da ya karye, sannan ka mayar da shi inda ka ɗauka.

Kada ka tura hotunan aiki ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su ya rage musu inganci. Ka kwafe ta igiya.

Daren ranar

Kwafi uku, a wuri aƙalla biyu: kwamfuta, kile, da ɗaya a intanet ko a gidan wani. Ka ɗauki hoton kowane shafi na littafinka. Ka sake wa hotuna suna tun kana tuna su, kamar MRD-001-03_2024-02-17_a.jpg, shekara a gaba, wata, sannan rana, ba tazara a cikin sunan. Babban fayil guda ka kira shi "asali", ka zuba komai yadda ya fito, kada ka ƙara taɓa shi. Duk gyara a kan kwafi ake yi.

Tsaftace teburi

A nan aikin mutane da yawa yake lalacewa, kuma matsalolin namu ne na nan, ba za ka same su a jagorar da aka rubuta a Turai ba.

Na farko haruffanmu. Ka rubuta Maraɗi, ka adana, wani ya buɗe ya ga "Mara?i". Dalili shi ne ba a adana da tsarin UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffa da ya san namu masu lanƙwasa. Fayil ɗin da za ka raba ya zama CSV, wato teburi na rubutu zalla, domin kowace manhaja tana buɗe shi yau da shekara talatin masu zuwa, kuma lokacin adanawa ka zaɓi UTF-8 da hannunka. Manhajar teburi ta LibreOffice tana tambayarka kai tsaye. Bayan ka adana ka rufe, ka sake buɗewa, ka nemi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ka tabbatar suna nan.

Na biyu waƙafi. Kwamfutocinmu da yawa da Faransanci aka saita su, suna rubuta 13,5 inda na Najeriya ke rubuta 13.5, kuma suna raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo. Abokin aikinka na Katsina zai buɗe teburinka ya ga komai ya cakuɗe a layi ɗaya, ko manhajar zana taswira ta QGIS ta ƙi karanta lambobin. Ka mayar da duk lambobi zuwa ɗigo, ka kuma faɗi alamar da ka raba ginshiƙai da ita.

Na uku sunayen garuruwa. Takardun gwamnati suna rubuta Tessaoua, Tibiri, Madarounfa, Guidan Roumdji. Mu muna rubuta Tasawa, Tsibiri, Madarunfa, Gidan Rumji. Ka buɗe ginshiƙi biyu, ɗaya na rubutun hukuma, ɗaya na Hausa. Mai nema da kowanne zai same ka.

Sauran ƙa'idodin gajeru ne. Layi ɗaya abu ɗaya. Kada ka haɗe akwatuna, kada ka sa launi ya zama bayani, domin CSV ba ya riƙe launi. Kada ka rubuta "cm 12" a akwatin lamba, ka sa ma'aunin a sunan ginshiƙin. Kuma ka bambanta "babu" da "ban duba ba". Wurin da ka duba ba ka ga kashin maƙera ba dabam yake da wurin da magariba ta kore ka kafin ka duba. In ka bar duka biyun fanko, wanda zai zana taswirar narka tama a jihar nan gobe zai yi kuskure da sunanka.

In aikinku na hukuma ne har an kai gawayi ko ƙashi gwajin kabon, wanda ke auna shekarun abu, kada ka rubuta "ƙarni na 14" kawai. Ka sa lambar da ɗakin gwajin ya bayar, da abin da aka gwada, da zurfin da aka ciro shi, da ɗanyen sakamakon tare da kuskurensa, wanda ake ƙirgawa baya daga 1950. Ma'aunin da ake daidaita shi da kalanda yana sabuntawa, na 2020 ya maye gurbin na 2013, kuma sai da ɗanyen sakamako ake iya sake lissafi.

Takardar da za ta yi magana a madadinka

Ka buɗe fayil na rubutu zalla ka kira shi KARANTA_NI.txt. A ciki ka faɗi wa ya yi aikin, yaushe, a ina, da izinin wa, don me. Ka faɗi yadda kuka yi: mutum nawa, da ƙafa ko a babur, a wane lokaci na shekara, domin abin da ake gani a watan Fabrairu bayan an kwashe kara ba shi ake gani a Agusta cikin gero ba. Ka jera kowane ginshiƙi da ma'anarsa. Ka faɗi inda ba ku kai ba da abin da ya lalace. Ka rubuta ta da Hausa da Faransanci, in da hali har Ingilishi. Gwajinta mai sauƙi ne: ka ba wanda bai je tare da ku ba, ka yi shiru, ka ga ko zai gane teburin. Duk tambayar da ya yi maka, amsarta ta shiga takardar.

Masana sun tattara wannan tunani a 2016 cikin ƙa'idoji huɗu da ake kira FAIR: a iya gano bayanin, a iya isa gare shi, ya iya haɗuwa da na wasu, a iya sake aiki da shi. A 2019 aka ƙara wasu, CARE, masu tuna cewa al'ummar da bayanin ya fito daga cikinta tana da iko a kai kuma ya kamata ta amfana. Mataki na gaba a kan wannan yake.

Abin da ba a buɗewa

A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yammacin ƙasar nan, Bube Gado ya tona ta a 1983, aka fito da tukwane masu siffar mutane da mahayan doki. Bayan an baje kolinsu a Paris a 1993 duniya ta san su, dillalai ma suka san su. Aka bi wurare da yawa na yankin aka haƙe, har a shekara ta 2000 kayan Bura suka shiga jan jerin hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, na abubuwan da ake sacewa. Wanda ya san wannan ba zai sa takamaiman wurin kufai a intanet don a ce masa mai buɗaɗɗen hannu ba.

Don haka ka yi teburi biyu. Cikakke, mai gurbi biyar bayan ɗigo, wanda ke kai mutum kusan mita ɗaya daga wurin, ka miƙa shi ga hukumar al'adu da IRSH. Na jama'a kuma ka datse lambobin. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, gurbi biyu bayan ɗigo kusan kilomita ɗaya, gurbi ɗaya kusan goma sha ɗaya. A karkarar Maraɗi, inda kowa ya san gonar kowa, ni kilomita ɗaya bai ishe ni ba. Ga maƙabarta da duk wurin da ake ganin abu cikakke ina barin gurbi ɗaya, ko in ba da sunan kwamin kawai. Ka faɗa a KARANTA_NI cewa ka datse, da kuma wurin da mai bincike na gaskiya zai nemi cikakken.

Hotuna suna tona asiri ta hanya biyu. Waya tana ɓoye lambobin GPS a cikin fayil ɗin hoton, sai ka goge su da manhaja irin ExifTool kafin ka ɗora. Sannan ka dubi bayan hoton da kyau: kuka mai rassa biyu, hasumiyar masallaci, ƙarfen rezo, duk alamu ne ga ɗan gari. Ƙasusuwan mutane ba na sa hotonsu a fili, kakannin wasu ne. Wuraren da ake ziyara har yanzu, kamar kusheyin waliyyai na bakin tafkin Madarunfa, da wuraren al'ada da masu su ba sa so a bayyana, maganar masu su ita ce gaba da taka.

Lasisi da ɗorawa

Bayanin da ba shi da lasisi mutane suna tsoron taɓa shi. Ga teburi da hotuna ina zaɓar CC BY 4.0: kowa ya yi amfani, amma ya ambaci mai aikin. Akwai mai sharaɗin hana kasuwanci, yana da daɗin ji, sai dai Wikimedia Commons, rumbun hotunan Wikipedia, ba ta karɓarsa, ma'ana hotonka ba zai shiga Wikipedia ta Hausa ba. Muryoyi kuwa sharaɗinsu shi ne abin da mai muryar ya amince.

Facebook ba ma'adana ba ce, Google Drive ɗinka ma haka. Ka yi amfani da Zenodo, ma'adanar bayanan bincike a intanet, wadda cibiyar kimiyya ta CERN ta Suwizalan ke riƙe da ita tun 2013, kyauta, har gigabait 50 a kowane kundi. Ka buɗe asusu, ka buɗe lambar ORCID ma, wato lambar shaidar mai bincike, don kada a haɗa ka da mai suna irin naka, abin da ke da sauƙin faruwa a ƙasar Hausa. Ka ɗora teburi da hotuna da KARANTA_NI, ka rubuta take mai faɗin wuri da shekara, ka sa kalmomin nema da harsuna uku, ka zaɓi lasisi. A sunayen masu aiki ka sa duk wanda ya yi wahala, har wanda ya nuna muku wuraren in ya yarda. Fayil mai haɗari kana iya kulle shi sai an nemi izini. Ka sake dubawa kafin ka danna wallafawa, domin daga nan za a ba ka lambar DOI ta dindindin, wadda ake nemo aikin da ita a kuma ambace shi. In rezo yana yankewa ka dunƙule hotuna kashi-kashi, ka ɗora da dare.

In kai ne mai ɗauka

Akwai abin ɗauka da yawa. Rahoton maƙabartar Gobero ta Tenere, wanda Paul Sereno da abokansa suka fitar a 2008 a mujallar PLoS ONE, kowa yana karanta shi kyauta. Shafin Persée yana ɗauke da tsofaffin mujallun Faransa masu magana kan ƙasar nan. Mai nazarin tukwanen Maraɗi zai so ya kwatanta da aikin Anne Haour a Kufan Kanawa ta ƙasar Damagaram, da abin da aka tono a Durɓi ta Kusheyi kusa da Katsina a 1992. Ka fara karanta bayanin hanyar aiki kafin teburi, kada ka haɗa ƙidayar wanda ya tsinci komai da ta wanda ya zaɓi masu ado kawai. Ka ambaci DOI ɗinsa. In ka ga kuskure ka rubuta masa.

Koma garin

Ka wanke hotuna goma ko ashirin, ka buga KARANTA_NI ta Hausa, ka kai wa mai gari da daraktan lakkwal. Ka zauna a nuna wa mutane, musamman mata magina tukwane. A wani gari da na koma, akwai gutsure mai ƙananan huji da na rubuta "ba a sani ba" a gabansa. Wata tsohuwa ta karɓi hoton, ta nisanta shi da idonta, ta ce: "Ɗan nan, ai gindin madambaci ne, irin wanda uwata ke dambu da shi." Na ce: "Inna, in rubuta ke kika faɗa?" Ta ce in rubuta garin dai, sunanta a bar shi. Da na dawo Maraɗi na gyara layin, na ƙara ginshiƙi mai faɗin daga bakin wa bayani ya fito, na rubuta ranar gyaran a KARANTA_NI, na ɗora sabon zubi. Zenodo ta ba shi tasa lambar DOI, ta bar tsohon a inda yake don wanda ya riga ya ambace shi.